Tsakanin Jan Fenti da Farar Takarda

A bayan gidan kawuna akwai wata tsohuwar bishiyar mangwaro. Muna yara, daga gindinta zuwa bakin rafi sai ka yi taku goma sha biyar. A filin nan mata ke shanya, mu kuma mu buga ƙwallon tsumma har a kira magariba. Da na je gaishe shi kwanan baya, bayan damina ta fara ja, sai ya kama hannuna ya zagaya da ni bayan gida bai ce uffan ba. Saiwoyin mangwaron ta ɓangaren rafi duk sun fito fili suna reto. Taku uku ya rage. Tsakanin bishiyar da katangar banɗaki kuma ga wata siririyar tsaga a ƙasa, ta miƙe ta bi layin gaɓar kamar da zare aka ja ta.

Na ce, "Kawu, an kai maganar nan gaba kuwa?"

Ya ce, "Ɗana, in kai wa wa? Yau in na je na ce rafi na cin gidana, gobe sai ka ga an zo da jan fenti an shafa mini alamar rushewa a bango. Gara rafin, shi a hankali yake ci."

Na rasa amsar da zan ba shi a lokacin, domin ba wauta ta sa shi faɗin haka ba. Lissafi ne na mutumin da ya tara 'ya'ya da jikoki a ɗakuna biyar, ba shi kuma da taƙin fili a ko'ina. Amma in ka bi gaɓar kogin Dilimi da ƙananan rafukan da ke zuba cikinsa, gida-gida za ka tarar da irin wannan lissafi, kuma a ganina ya fi ruwan saman kansa haɗari a garin Jos. Ƙasa tana yin gargaɗi tun da wuri, mai gida yana gani da idonsa, amma ofishin da ke da injiniya da katafila da kuɗi ba ya samun labari sai ranar da aka fara ƙirga gawa.

Duk wanda ya yi wayo a Jos bai manta daren Lahadi 22 ga Yuli, 2012 ba. Farkon azumi ne. An daɗe ana sheƙa ruwa, rahotannin lokacin suka ce madatsar ruwa ta Lamingo ta tumbatsa, ruwa ya gangaro cikin duhu ya auka wa Rikkos da Gangare da Unguwar Rogo. A kwanakin farko ƙungiyar agaji ta Red Cross ta tabbatar da mutuwar mutum aƙalla 35, cikinsu har da tsofaffi da jarirai, gidaje wajen 200 suka nutse ko suka rushe. Bayan 'yan makonni ruwa ya sake yin ɓarna a kudancin Filato, wajajen Shendam da Langtang da Wase. A faɗin ƙasa kuwa, hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, ta ce ambaliyar wannan shekara ta kashe mutum 363, ta raba fiye da miliyan biyu da muhallinsu. An kawo katifu da barguna da buhunan abinci, manya sun zo jaje. Da ƙasa ta bushe, da yawa daga cikin waɗanda suka tsira suka koma suka sake ɗora bulo a inda ruwa ya share, saboda nan kaɗai suka mallaka.

Baƙo kan yi mamakin yadda garin da ke zaune a kan tudu, sama da mita 1,200 daga doron teku, zai yi fama da ambaliya. Ai tudun ne dalili. Jos na samun ruwan sama wajen milimita 1,400 a shekara, ya fi zuba a Yuli da Agusta, kuma duwatsun da suka kewaye mu ba sa shan ruwa. Abin da ya zuba a kan fa, cikin mintuna yana kwari. Ƙara da rufin kwano da daɓen siminti da kwalta, waɗanda suka cinye filayen da dā ke tsotse ruwa. Sunan Gangare kaɗai ya ishi mai tunani. Sa'an nan ga tarihin kuza. A bakin kogin Dilimi, wajen Naraguta, Turawa suka kafa sansanin haƙar ma'adinai a farkon shekarun 1900, aka shafe shekaru da dama ana tone ƙasar Filato ana wanke ta, ana karkatar da rafuka, ana tara tsibin ƙasa. Kamfanonin sun tafi, sun bar kududdufai da ƙasa sako-sako wadda ba ta gama kama jikinta ba har yau. Wani gidan da ake gani daram, a kan irin wannan cikon yake zaune.

Ya kamata mai gida a bakin rafi ya san yadda gaɓa ke mutuwa, don shi ne zai fara gani. Ruwa ba daga sama yake cin gaɓa ba, daga gindi yake farawa, musamman a inda rafi ya yi kwana, ta ɓangaren waje, inda igiyar ruwa ta fi ƙarfi. Yana ƙwaƙule ƙasan a hankali har saman ya zama rumfa, kai kuwa kana tsaye a kai kana ganin ƙasa lafiya lau. Daga nan sai tsaga ta bayyana a sama, tana bin layin gaɓar, irin wadda na gani a gidan kawu. Bishiya ta fara karkata, ƙofar ɗakin baya ta fara cijewa, katanga ta yi ciki. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, sau da yawa gaɓa ba ta ruftawa lokacin da rafi ya cika. Sai ruwa ya ja, ƙasar ta sha ta yi nauyi, abin da ke tokare da ita ya janye, sannan ta zube gaba ɗaya. Wato a daidai lokacin da mutane suka yi hamdala suka koma ɗaki, a lokacin haɗarin ya fi kusa. Daga fitowar saiwa zuwa ruftawa ana iya ɗaukar damina biyu ko uku. Duk wannan lokaci ne da Allah ya ba mu na kai ƙara, mu kuma muke cinye shi da shiru.

Wanda ke zaune a unguwar da aka tsara da faɗin titi yakan ce, to wa ya aike su gini a bakin ruwa? Tambayar tana da amsa, kuma kowa a garin nan ya san ta. Rikicin Satumban 2001, da na Nuwamban 2008, da na Janairun 2010 sun sake zana taswirar Jos. Musulmi ya sayar da gidansa da araha ya koma inda 'yan'uwansa suke, Kirista ma haka. Unguwannin da dā ke da sarari suka cushe, fili ya yi tsada, wanda ba shi da ƙarfi ya yi ta matsawa har ya kai bakin rafi, ko ya hau gefen dutse inda ruwa ke kwaranya. Tsoron maƙwabci ya tura mutane hannun ruwa. Rikicin 2008 kuwa daga zaɓen shugaban ƙaramar hukumar Jos ta Arewa ya taso, don haka amana tsakanin jama'a da sakateriya ta daɗe da yin rauni. Duk jami'in da zai zo bakin Dilimi da maganar "ku tashi", in bai riƙe wannan tarihi a ransa ba, ba zai gane dalilin da ya sa ake rufe masa ƙofa ba.

Amma tarihi ba ya tokare gaɓa. Ranar Juma'a 12 ga Yuli, 2024, ginin makarantar Saints Academy da ke Busa Buji ya rufta a kan ɗalibai suna cikin aji, mutum 22 suka rasu. Cikin dalilan da gwamnatin jiha ta ambata tun a ranar akwai raunin ginin da kusancinsa da gaɓar rafi. Na daɗe ina tunanin wannan magana. Kusancin gini da rafi ba abu ne da ke faruwa dare ɗaya ba, abu ne da masu wucewa ke gani kullum. Ina ma a ce akwai wata ƙofa sananniya da mai wucewa, ko uwa, ko malami zai ƙwanƙwasa ya ce a zo a duba, kuma a zo ɗin.

To wace ƙofa ce? Nan ma akwai ruɗani na gaske. Jadawali na Huɗu na tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma ginawa da kula da tituna da magudanan ruwa da kwashe shara. Izinin gini da tsarin gari a cikin Jos da Bukur yana hannun Hukumar Raya Birnin Jos, wato JMDB. Tsabtar muhalli tana wurin PEPSA, babban aikin zaizayar ƙasa yana ma'aikatar muhalli ta jiha, agajin gaggawa yana wurin hukumar jiha, SEMA, NEMA kuma tana da ofishin shiyya a nan Jos. Dattijon da bai yi boko ba, ta ina zai fara? Ni kaina na taɓa ɗaukar takardar koke kan wata kwalbati da ta toshe, na kai wani ofishi. Aka ce mai karɓa ya fita. Na koma, aka karɓa aka ajiye a kan tebur, ba hatimi ba sa hannu. Zuwa na uku aka ce ba a ga takarda ba, kuma ma ba huruminsu ba ne. Ban riƙe ma'aikacin a zuciya ba. Ba shi da littafin da zai rubuta ni a ciki, ba wanda zai tambaye shi ina ta kwana. Amma daga ranar na koyi cewa koken da ba shi da shaida, daidai yake da wanda ba a kai ba.

Shi ya sa nake roƙon mutanen bakin rafi su sauya salon kuka. Mun saba da faɗa wa mai unguwa a ƙofar masallaci ko bayan an tashi daga coci, ko mu tare kansila a wurin ɗaurin aure, ko mu kira gidan rediyo mu amayar da abin da ke ranmu. Duk suna da amfani, amma iska ke tafiya da su. A kafa turke, ko a zaɓi wani abu da ba ya motsi kamar kusurwar gini, a auna da igiyar awo daga nan zuwa bakin gaɓa, a rubuta adadin da kwanan wata. A sake aunawa bayan kowane babban ruwa. A ɗauki hoto da waya daga wuri guda kowane lokaci, a tsayar da mutum a gefe don a ga zurfin. Injiniya na iya musanta "rafi na cin mu", amma ba ya iya musanta cewa a Mayu mita shida ne, a Satumba ya koma huɗu. A rubuta gidaje nawa ke layin, mutum nawa ke kwana a ciki, ko akwai makaranta ko masallaci ko coci ko turken lantarki ko gada a kusa. Kada gida ɗaya ya kai shi kaɗai. Layi guda ya haɗu ya sa hannu, mai unguwa ya sa nasa, domin takardar mutum ɗaya ita ke jawo wa mutum ɗaya jan fenti, ta mutum talatin kuwa magana ce ta unguwa. A kai wa shugaban ƙaramar hukuma ta hannun kansila, a ba sashen ayyuka kwafi, a ba ma'aikatar muhalli da SEMA, kuma kowane wuri a tsaya sai an buga hatimi da kwanan wata a kan kwafin da za a koma da shi gida.

Lokacin kai ta ma abin lura ne. Ba a fafe gora ranar tafiya. Koken da ya isa ofis a tsakiyar Agusta, ruwa na kan zuba, abin da zai iya samarwa bai wuce katifa da bargo ba, don ba mai iya aikin gaɓa rafi na cike. A ƙarshen shekara ake haɗa kasafin kuɗi, da rani kuma ake jera ragar waya mai cike da duwatsu a gindin gaɓa, a gyara kwalbati, a yashe magudana. Wanda ya kai takardarsa a Oktoba, shi ke da damar ganin aiki kafin Afrilu.

Ɓarnar iska ita ce ba ta jira. Ruwan farko a Jos, na Afrilu da Mayu, yakan zo da guguwa, wani lokaci har da ƙanƙara, ya yaye kwanon gidaje da azuzuwa, ya karya turakun wuta. A nan sauri ake so. Wayar lantarki da ta faɗi, a killace wurin a kira kamfanin wuta nan take. Kafin a ɗaga kwano ko a kwashe ɓaraguzai, a ɗauki hoto. A wannan rana ko washegari mai unguwa da matasa su zaga su rubuta sunan kowane gida da abin da ya rasa, a karanta jerin a bainar jama'a kafin a miƙa shi. Mun sha ganin yadda gwauruwar da ɗakinta ya yaye ke rasa sunanta a jerin tallafi, saboda ranar da masu ƙididdiga suka zo tana asibiti ko kasuwa. Jerin da unguwa ta rubuta da hannunta, kowa ya ji, shi ke kare irinta.

Duk wannan rabin aiki ne. Ɗaya rabin yana wuyan hukuma, kuma shi ya fi nauyi. Abin da nake nema daga ƙananan hukumomin Jos ta Arewa da Jos ta Kudu bai kai kuɗin mota ɗaya ba: tebur guda a sakateriya, da ma'aikaci sananne, da babban littafi. Duk wanda ya kawo rahoton zaizaya ko ɓarnar ruwa da iska, a rubuta shi, a ba shi lamba da rasit, a gaya masa ranar da injiniya zai je. In aikin ya fi ƙarfin ƙaramar hukuma, ita za ta tura shi gaba da wasiƙarta, ba ta ce wa tsoho ya tafi wani ofis ba. A liƙa jerin a allon sanarwa, kowa ya ga wanda aka duba da wanda ke jira. Tsarin agajin gaggawa na ƙasa ya riga ya tanadi kwamiti a matakin ƙaramar hukuma. A raya shi, a sa masu unguwannin bakin rafi a ciki. Batun kuɗi kuma, akwai Asusun Kula da Muhalli da aka kafa tun 1981, wanda jihohi da ƙananan hukumomi ke da kaso a cikinsa. Ranar 11 ga Yuli, 2024, kwana ɗaya kafin abin da ya faru a Busa Buji, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Ga shirin ACReSAL na Bankin Duniya, mai dala miliyan 700, da ya shafi jihohin Arewa 19 da Abuja, kafinsa kuma an yi makamancinsa mai suna NEWMAP. Irin waɗannan shirye-shirye da hujja suke aiki. Shugaban da ya je da littafi mai awo da hotuna na shekara uku ya fi wanda ya je da baki samun shiga.

Sai kuma maganar kawu, wadda ita ce zuciyar al'amarin. Muddin kai rahoto na nufin kiran katafila a kan kanka, ba mai kaiwa. Ba na cikin masu cewa kada a taɓa rushe komai. Gwamna Caleb Mutfwang ya sa hannu a dokar zartarwa ta 003 a 2024 don tsara gine-gine a birnin, kuma gaskiya ce mai ɗaci cewa akwai gidajen da ke tsakiyar hanyar ruwa waɗanda babu dabarar injiniya da za ta cece su. Barin yara su kwana a ciki ba tausayi ba ne. Amma a bambanta wanda ya zo da ƙafarsa ya ce a taimake ni da wanda ya toshe rafi da gangan don ya ƙara shaguna. Na farkon ya cancanci a fara aiko masa da mai awo kafin mai fenti, a zauna da shi a gaya masa gaskiyar abin da aka gani, in tashi ya zama dole a ba shi wa'adi na mutunci da wurin komawa inda zai iya barci da ido biyu rufe. A Jos wannan sharaɗi na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne. In hukuma ta faɗi haka a fili, ta kuma cika a kan gida goma na farko, sauran za su zo da kansu.

Mu ma da namu laifin, kuma in za mu rubuta takarda mu rubuta har da shi. Mun mai da rafi bola. Da hadari ya haɗu sai ka ga yara da bokitan shara sun nufi gada, leda da robobi su toshe kwalbati, ruwa ya nemi hanya ta cikin ɗakin wani. Masu ɗiban yashi suna zurfafa cikin rafin, gindin gaɓa ya rasa madogara. Mai hali ya zuba katangar kankare a gefensa, igiyar ruwa ta karkata ta koma cin gidan talakan da ke tsallake. Jema da gora da sauran tsirran da saiwarsu ke riƙe ƙasa mun sare su, alhali dasa su aikin gayya ne na yini biyu. Kuma ruwan nan bai san iyakar da muka shata wa junanmu ba. Abin da aka zubar a unguwar sama, unguwar ƙasa ke kwana da shi, ya wuce ta gonakin 'yan lambu, ya nufi Jama'are har ƙasar Yobe. A Darussalam ta Tanzaniya, tun daga 2015, ɗaliban jami'a da mazauna unguwanni suka bi lungu-lungu suna zana taswirar magudanai da wuraren da ruwa ke kwanciya, a wani shiri mai suna Ramani Huria. Jami'ar Jos tana nan kusa da kogin, da ɗaliban labarin ƙasa da na ilmin duwatsu. Zan so in ga ranar da matasan Rikkos da na Unguwar Rukuba, na Gangare da na Tudun Wada, za su bi rafukan garin nan da igiyar awo ɗaya, su kai takarda ɗaya. Shugaban da zai iya kau da kai daga koken ɓangare guda, da wuya ya kau da kai daga wannan.

Na koma wurin kawu bayan sati guda da igiyar awo da guntun ƙarfen rodi biyu. Muka kafa ɗaya a gindin mangwaro, ɗaya a kusurwar banɗaki, jikansa ya rubuta awon a bayan littafin makarantarsa. Gidaje tara ne a layin. Bakwai sun sa hannu, biyu sun ce sai sun ga abin da zai biyo baya, ban kuma ga laifinsu ba. Kawu ne ya sa nasa a ƙarshe, da ajami, bayan ya sa an karanta masa takardar sau biyu. Mai unguwa ya ce ranar Litinin da safe zai raka mu sakateriya, kawu kuma ya ce in tabbata na taho da kwafi uku.